Yadda firinta mai 3D ke nuna wa likita inda zai dasa maka haƙori

A cikin ƙashin muƙamuƙinka na ƙasa, daidai ƙarƙashin haƙoran tauna, akwai wata jijiya da ke kwance cikin siririn rami. Ita ce ke sa ka ji zafin shayi a leɓenka na ƙasa, ita ce kuma ke sa ka ji idan aka taɓa maka haɓa. Idan na'urar huda ƙashi ta same ta yayin dashen haƙori, leɓe da haɓa na iya mutuwa na tsawon makonni ko watanni, wani lokacin ma har abada. Tazarar da likita ke ƙoƙarin bari tsakanin ƙusar dashe da wannan jijiya milimita 2 ce kacal, wato ba ta kai kaurin katin ATM uku a haɗe ba.

To yaya mutum zai huda ƙashin da ba ya ganin cikinsa, a bakin da ke cike da yawu da jini, kuma bai kauce ba? Shekaru da dama amsar ita ce ƙwarewar hannu da hoton ƙashi mai fuska ɗaya. Yanzu an samu ƙarin mataimaki: wata 'yar roba mai haske da ake zanawa a kwamfuta, a buga ta a firinta mai 3D, a kifa ta kan haƙoran majiyyaci. Ana kiranta jagoran tiyata.

Dashen haƙori ba haƙorin Makka ba ne

Haƙorin Makka da muka saba gani a bakin alhazai hula ce ta zinare ko azurfa da ake sanya wa haƙorin da ke nan da ransa. Shi kuwa dashe ana yin sa ne inda haƙori ya fita gaba ɗaya har saiwarsa, kamar wanda ya yi giɓi a hatsarin babur ko wanda ruɓa ta cinye wa haƙori. Likita zai huda ƙashin muƙamuƙi, ya murɗa wata ƙusa ta ƙarfen taitaniyom a ciki ta zama sabuwar saiwa. Yawancin ƙusoshin faɗinsu milimita 3 zuwa 5 ne, tsawonsu kuma 8 zuwa 13. Bayan wasu watanni ƙashi zai kama ƙusar gam, sannan a ɗora haƙorin roba ko na tangaran a kanta.

Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Branemark, shi ne ya buɗe wannan hanya. A shekarun 1950 yana bincike kan yadda jini ke gudana a cikin ƙashin zomo, sai ya tarar ƙarfen taitaniyom da ya saka ya manne da ƙashin ya ƙi fita. A 1965 ya yi wa mutum na farko dashe a birnin Gothenburg, kuma ƙusoshin sun zauna a bakin mutumin fiye da shekara 40, har rasuwarsa.

Mene ne jagoran tiyata?

Ka tuna 'yar kwarangwal ɗin robar nan da ke zuwa a kwalin wasu gilasan kare fuskar waya. Kana kifa ta a kan wayar, gilashin ba shi da inda zai zauna sai daidai wurinsa, ko da hannunka na rawa. Aikin jagoran tiyata ke nan. An ƙera shi daidai da haƙoran mutum ɗaya tak, ba zai shiga bakin wani ba. A daidai giɓin akwai rami mai ɗauke da zoben ƙarfe, kuma ta cikin zoben ne tsinken huda ƙashi zai bi. Zoben ne ke tsayar da abubuwa uku: wurin da za a huda, karkatar hudar, da zurfin da za a tsaya.

Jagoran iri uku ne, gwargwadon abin da ya zauna a kai. Akwai wanda ke zama kan sauran haƙora, shi ne ya fi tsayawa daram, shi ne kuma ake yi wa mai giɓi ɗaya ko biyu. Akwai wanda ke zama kan dasashi, na waɗanda haƙoransu suka zube duka, kuma sau da yawa sai an kafe shi da ƙananan ƙusoshi don kada ya zame. Akwai kuma wanda ake ɗorawa kan ƙashi kai tsaye bayan an buɗe dasashi. Wani jagoran hudar farko kawai yake saitawa, likita ya ƙarasa da hannu, wani kuma ta cikinsa ake yin komai har murɗa ƙusar.

Daga hoto zuwa roba

Matakin farko shi ne hoton CBCT. Na'urar na zagaya kan mutum sau ɗaya, cikin daƙiƙu kaɗan, ta ɗauki ɗaruruwan hotunan ƙashi, kwamfuta ta haɗa su su zama siffa mai tsawo da faɗi da zurfi. An fara sayar da irin wannan na'ura ta likitocin haƙori a ƙarshen shekarun 1990, kuma Italiya na cikin ƙasashen da suka fara ƙera ta. A wannan hoto ne ake ganin kaurin ƙashi, ramin jijiyar ƙasa, da kogon iskar da ke saman haƙoran tauna na sama. Fayil ɗin da take fitarwa sunansa DICOM.

Mataki na biyu shi ne sikanin cikin baki. Hoton ƙashi ba ya nuna dasashi da saman haƙora sosai, musamman idan akwai ƙarfe a baki. Saboda haka ake zagaya baki da wata sikana mai kama da babban buroshin haƙori. Tana haska haƙora, tana ɗaukar hotuna da yawa a daƙiƙa guda, tana gina siffarsu a allo kana kallo. Dabarar na kama da ta Face ID na iPhone, wanda ke watsa ɗigo fiye da 30,000 na haske a fuskarka don ya gane tudu da kwarinta, sai dai ita sikanar baki ta fi shi ganin ƙananan abubuwa nesa ba kusa ba. TRIOS na kamfanin 3Shape da ke Denmak, iTero, da Medit na Koriya ta Kudu na cikin sanannun sikanonin. Fayil ɗinsu galibi STL ne.

A mataki na uku, manhaja irin su coDiagnostiX, Implant Studio ko Blue Sky Plan na ɗora fayil ɗin biyu kan juna har haƙoran su yi daidai. Likita kan fara da zana haƙorin da ake so a gani a ƙarshe, sannan ya nemo wa ƙusar wurin da za ta ɗauke shi. Yana juya ta a allo, yana auna tazara: kimanin milimita 1.5 daga saiwar haƙorin maƙwabci, milimita 3 tsakanin ƙusa da ƙusa, milimita 2 daga jijiya. Idan ya gamsu, manhajar ta zana jagoran.

Mataki na ƙarshe shi ne bugawa. Ana amfani da firintar da ke daskarar da ruwan roba da haske, dabarar da Ba'amurke Chuck Hull ya samu haƙƙin mallakarta a 1986. Firintar na gina jagoran shafi-shafi, kowane shafi kaurinsa bai wuce na gashin kai ba. Da yawa daga cikin ƙananan firintocin yau allon LCD ne a ƙarƙashinsu, dangin na wayar hannu, yana buɗe wa haske hanya a inda ake so roba ta daskare. Bayan bugawa sai a wanke jagoran da sinadari, a ƙara gasa shi da haske, a saka zoben ƙarfen, a dafa shi a tukunyar tururi don kashe ƙwayoyin cuta.

Ina iyakar daidaitonsa?

Talla kan ce babu kuskure ko kaɗan. Alƙaluma sun nuna akwai. Wani nazari da aka wallafa a 2018 don taron ƙungiyar masana dashen haƙori ta ITI ya tattara sakamakon bincike 20 da aka yi kan majiyyata. Ya gano cewa a matsakaici ƙusar kan kauce wa tsarin kwamfuta da milimita 1.2 a bakin rami, milimita 1.4 a ƙarshensa, da karkatar digiri 3.5. Wannan ya sa masanan suka ce a riƙa barin tazarar milimita 2 ko da ana aiki da jagora.

Kuskuren taruwa yake yi kaɗan-kaɗan. Majiyyaci ya motsa lokacin ɗaukar hoto. Fayil biyun ba su hau juna daidai ba. Firinta ba a saita ta ba, ko robar ta ɗan lanƙwashe wajen gasawa. Jagoran bai zauna sosai ba, ko tsinken ya yi wasa cikin zobe. Idan tsarin da aka yi a allo karkatacce ne, jagoran zai kai likita ga kuskuren nan daidai wa daida.

Akwai kuma matsalar zafi. Ƙashi na fara lalacewa idan ya kai digiri 47 na ma'aunin Salshiyos na tsawon minti ɗaya, shi ya sa ake feshin ruwan gishiri yayin huda. Jagoran kan tare ruwan, don haka dole likita ya riƙa huda yana ɗagawa. Sannan tsinken jagora ya fi na yau da kullum tsawo, wanda bakinsa ba ya buɗewa sosai da wuya a yi masa aikin a haƙoran can ciki.

Duk da haka ribar a fili take. Ƙusa ta fi zama inda aka tsara idan aka kwatanta da aikin hannu zalla. A wasu lokuta ba sai an tsaga dasashi ba, ƙaramin rami ya isa, kumburi da ciwo su ragu. Ya fi amfani a haƙoran gaba inda 'yar karkata ke ɓata murmushi, da wurin da ƙashi ya yi siriri, da inda za a dasa ƙusoshi da yawa a zama ɗaya. A wurin da ƙashi ke da yalwa kuwa, ƙwararren likita na iya yin aiki mai kyau ba tare da shi ba.

Bayan roba, sai kyamara da mutum-mutumi

Akwai tsarin da ba ya buƙatar buga komai. Na'urori irin su X-Guide da Navident na amfani da kyamarori su bi motsin hannun likita da na muƙamuƙin majiyyaci, su nuna a allo inda tsinken yake cikin ƙashi a wannan daƙiƙar, kamar yadda Google Maps ke nuna motarka a kan titi. Likita na iya sauya tsari ana cikin aiki. A Amurka kuma hukumar FDA ta amince da Yomi na kamfanin Neocis, wani hannun mutum-mutumi da ke riƙe na'urar huda tare da likita, ya ƙi motsawa idan aka nufi wajen layin da aka tsara. Waɗannan na'urori tsada gare su, shi ya sa jagoran roba ya fi yaɗuwa.

Kafin ka ba da bakinka

Bidiyon “sabon haƙori a rana ɗaya” sun cika Instagram da TikTok, wasu daga asibitocin gida, wasu daga Masar, Turkiyya ko Indiya. Kafin ka tura kuɗi, ka tambayi likita ko za a yi maka hoton CBCT, ka nemi ya nuna maka tsarin a allo da tazarar da ya bari daga jijiya. Ka tambayi sunan kamfanin ƙusar, a rubuta maka shi da girmanta, domin sassan wani kamfani ba lallai su shiga na wani ba, kuma idan abu ya kwance bayan shekara biyar likitan garinku zai buƙaci wannan bayani. Ka karɓi fayil ɗin DICOM da STL ɗinka a filashi ko ta imel. A Najeriya, ka tabbatar likitan na da rajista da hukumar MDCN.

Ka kuma sani jagora ba ya gyara abin da ke jikinka. Shan taba, ciwon sukari da ba a kula da shi ba, da ciwon dasashi duk suna rage damar ƙashi ya kama ƙusa. Wanda ƙashin fuskarsa bai gama girma ba, galibi ɗan ƙasa da shekara 18, akan ce ya jira, a sa masa haƙorin wucin gadi kafin lokacin. Bayan an gama dashen ma, buroshi safe da dare da komawa wurin likita a duba su ne za su sa ƙusar ta daɗe a bakinka.