Me Ke Sa Jama'a Su Bi Ɗan Takara?

Wata rana da dare gardama ta kaure a ɗakin kwananmu, wasu na cewa kuɗi ne kawai ke sa a zaɓi mutum shugaban ƙasa. Wannan ya sa na koma ga tarihin zaɓen 1979, inda mutum biyar suka tsaya.

Dalili na farko shi ne gida. Hausawa sun ce naka sai naka. Alhaji Shehu Shagari ya cinye Sakkwato, Cif Awolowo ya kwashe jihohin Yarabawa, Dokta Azikiwe ya sami Anambara da Imo, Alhaji Waziri Ibrahim kuwa Barno ta bi shi.

Na biyu shi ne alkawari. Awolowo ya ce zai ba da ilmi kyauta, kuma mutanensa sun gaskata shi domin ya taɓa yi a Jihar Yamma a 1955. Jam'iyyar Shagari ta ɗauki gida da masara ta yi alama, watau muhalli da abinci.

Na uku, wanda ya fi burge ni, shi ne halin mutum. Malam Aminu Kano ba mai dukiya ba ne, amma Kanawa sun ba shi kusan kashi uku cikin huɗu na ƙuri'unsu. Tun zamanin NEPU yake faɗa da zaluncin da ake yi wa talaka. Da jam'iyyarsa ta PRP ta kafa gwamnati a Kano da Kaduna, sai ta soke haraji da jangali.

Amma kada mu ɗauka gida ne kullum ke rinjaye. A zaɓen 12 ga Yuni 1993, wanda sojoji suka soke, Cif Abiola, mutumin Abeokuta, ya ka da Alhaji Bashir Tofa a Jihar Kano, mahaifarsa. Mutane sun san Abiola da taimakon masallatai da makarantu a ko'ina, ga shi kuma da yawa daga almajiran Malam Aminu suna cikin jam'iyyarsa.

To, 'yan'uwana ɗalibai, saura shekara biyu ni da tsarana mu isa jefa ƙuri'a. Wanda ya sayar da tasa don sabulu da atamfa, shekara huɗu zai yi yana cizon yatsa. Mu duba abin da ɗan takara ya yi a baya, domin Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.