Zuma da Guzurinta: Daga Hunturun Ingila Zuwa Bazarar Baure

Bahaushe da kalma guda yake kiran ƙwaron da abin da ƙwaron ya tara, watau zuma. Mai amya kan mance da wannan, ya ɗauka zaƙin nasa ne, alhali kuwa guzuri ne da ƙudan suka yi tanadi domin ranar da fure ya ɗauke.

A Ingila akwai wata daɗaɗɗiyar muhawara game da wannan guzuri. Suna da wani tsiro mai hawan bango da itatuwa, ana ce da shi aibi, wanda ke fure daga Satumba zuwa Nuwamba, bayan sauran furanni sun ƙare. Zumarsa tana da yawan sukarin gulukos, saboda haka takan daskare cikin saƙa ta yi tauri. Ƙudan zuma kuwa ba ya cin daskararre sai ya narkar da shi da ruwa, ga shi sanyi yana hana shi fita. Wasu masu kiwo sukan ce taro na iya mutuwa da yunwa alhali saƙa cike take. Wasu sun musa, domin a ganinsu laimar da ke taruwa cikin amya ta isa. Abin da gardamar ta fito da shi shi ne, ruwa ne matsalar, ba irin furen ba.

A ƙasar Baure, gabas da Daura, gawo ne ke tsaye a matsayin aibi. Shi ne itacen da ke zubar da ganye da damina, sa'an nan ya yi fure da kaka, lokacin da ciyawa ta bushe. Bayansa sai mangwaro da ɗorawa. Hunturu a nan ba ya kulle ƙuda cikin amya. Bazara ce abokiyar gaba: zafi kan wuce digiri 40, tafkuna sun ƙafe, ƙudan kuma suna bukatar ruwa su sanyaya ƙwayayensu, waɗanda ba sa son zafin da ya zarce kimanin digiri 35.

Ƙudan zumar Afirka ba shi da haƙurin na Turai. In abinci ko ruwa ya yanke, sai taron ya tashi ɗungurungum ya bar amya. Saboda haka wanda ya hau gawo da dare da wuta ya kwashe saƙa kaf, shi ya kori ƙudansa, ko da zai ce ƙaura suka yi. Kamata ya yi a bar musu wasu saƙoƙi, a kuma ajiye kaskon ruwa a inuwa da 'yan karare a ciki, don su sami wurin sauka kada su nutse.