Dabbobi masu shayarwa: a duba haƙori, a duba ƙafa

A kasuwar bisashe ta Tasawa, mai sayen akuya ba ya biya sai ya buɗe bakinta. Haƙora ke gaya masa shekarunta. Wanda bai duba ba, a sayar masa da tsohuwa. Masana ma haƙori da ƙafa suke dubawa, su raba dabbobi dangi-dangi.

Akuya, jaki, kare da jemage duk masu shayarwa ne. Suna da gashi, kuma uwa tana ba ɗanta nono. Amma danginsu ba ɗaya ba.

Jar akuyar Maradi tana da haƙoran gaba 8 a ƙasa. A sama babu ko ɗaya, sai dasashi mai tauri. Kofatonta a rabe yake biyu. Cikinta ɗaki 4 ne. Takan haɗiye ciyawa da sauri, in ta kwanta a inuwa ta maido ta baki, ta yi ta tuƙa. Saniya, tunkiya da barewa haka suke. Raƙumin dawa ma danginsu ne. Duk tsawon wuyansa, ƙashi 7 ne a ciki, daidai da na akuya! A 1996 raƙuman dawa 49 kaɗai suka rage a Nijar. Aka kare su, suka ƙaru. A 2018 aka kawo 8 dajin Gadabeji, a jihar Maradi.

Doki da jaki suna da haƙora sama da ƙasa. Kofatonsu ɗaya ne, ba sa tuƙa.

Masu cin nama suna da fiƙa da farce: kare, dila, kyanwa, zaki. Kura ta yi kama da kare, amma ta fi kusa da kyanwa.

Ɓera, gafiya da kurege masu gwaigwaya ne. Haƙoransu na gaba ba sa daina tsiro. Dole su yi ta gwaigwaya, shi ya sa manomin Gulbin Kaba ke ɗora rumbunsa bisa duwatsu ko itace, ya bar kyanwa kusa.

Jemage yana tashi, amma ba tsuntsu ba ne: haihuwa yake yi. Ayu yana cikin kogin Kwara, amma ba kifi ba ne: sai ya fito da hanci ya shaƙi iska. Can Ostareliya kuwa, kangaru tana renon ɗanta cikin jakar fata da ke gaban cikinta.