Shirin Musamman: Ciwon Ƙwaƙwalwa da Tsadar Magani a Minna

Yau daga Minna, babban birnin jihar Neja, za mu duba larurar da aka saba ɓoyewa a ƙuryar ɗaki, wato ciwon ƙwaƙwalwa, da abin da ke hana talaka samun maganinsa kusa da gida.

In zazzaɓi ya kama yaro a Kpakungu ko Maitumbi, uwarsa ta san hanyar kemis, in abin ya ci tura a garzaya Babban Asibitin Minna. Amma in saurayi ya daina barci ya shiga surutai shi kaɗai, ko mai jego ta yi jugum ta ƙi abinci ta ƙi ɗaukar jaririnta, sai gida ya rikice. Wani ya ce iska ce, wani ya ce sammu ne, a ƙarshe a ja ƙofa a rufe don kada maƙwabta su ji. Alhali yawancin waɗannan larurori suna da magani, kamar yadda hawan jini da ciwon suga suke da shi.

Mutanen jihar Neja kuwa sun ga abin da zai girgiza zuciya. 'Yan bindiga sun raba dubban jama'a da ƙauyukansu a Shiroro da Munya da Rafi. A watan Fabrairun 2021 aka sace ɗalibai a Kagara, a watan Mayun shekarar aka kwashe 'yan Islamiyya a Tegina. Ambaliyar Mokwa ta watan Mayun 2025 ta ci rayuka sama da 150. Wanda ya tsira daga irin wannan masifa yana buƙatar abinci da matsuguni, amma firgici da mugun mafarki da ciwon damuwa, buhun shinkafa ba ya warkar da su.

To, ina za a kai majinyaci? Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba, ga jama'a sama da miliyan 200. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da 'yan Arewa suka fi sani suna Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Kafin a ga likita, kuɗin mota na majinyaci da mai jinyarsa sun cinye abin da aka tara.

Sai kuma kuɗin magani. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a harkar lafiya a ƙasar nan daga aljihun jama'a yake fita. Maganin ƙwaƙwalwa kuma ba na kwana uku ba ne, ana shan sa wata da watanni, wani ma shekaru. Da aljihu ya bushe sai a daina saye, ciwo ya dawo, dangi su ce asibiti ya gaza, daga nan sai gidan mari. Talauci ne ke sa wa mutane da yawa sarƙa a ƙafa.

Ba dokoki muka rasa ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. Dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga kowa. A watan Janairun 2023 aka sa hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma kare mutuncin majinyaci. Jihar Neja ma tana da nata tsarin taimakekeniyar lafiya, wato NiCare.

Hanyar aikin ma ba baƙuwa ba ce. A 1954, a Aro kusa da Abeokuta, Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya riƙa saukar da majinyata a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu, suna karɓar magani suna cuɗanya da jama'a, ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin horar da ƙananan jami'an lafiya su gane ciwon damuwa da farfaɗiya da taɓin hankali, su ba da magani, su tura mai tsanani gaba. Jihar Neja tana da ƙananan hukumomi 25 da mazaɓu 274. In kowace mazaɓa ta samu jami'i ɗaya mai wannan horo, da magani a ma'ajiyar asibitinta, mutumin Bosso ko Chanchaga ba sai ya sayar da akuya ya tafi Kaduna ba.

Saboda haka muna kira ga gwamnatin Mohammed Umaru Bago da ta horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci, ta tabbatar inshorar NiCare tana biyan maganin ƙwaƙwalwa, ta kuma fara da 'yan gudun hijira. Malamanmu da limaman coci, ku ne ake fara zuwa wurinku. Ku yi addu'a, sannan ku ce a kai majinyaci asibiti, domin neman magani bai saɓa wa tawakkali ba. Iyaye da 'yan uwa, ku je ku yi rajistar inshora tun ana lafiya, kuma kada ku dakatar da maganin majinyaci sai da izinin likita.

Mai sauraro, in akwai wanda aka kulle a ɗaki a gidanku saboda wannan larura, a buɗe masa a kai shi asibiti. Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, mu kwana lafiya.