Windows 11: Ina maɓallin Start ya koma?

A shagunan buga takardu na Nguru da Gashua, inda ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gashua da masu rajistar JAMB ke cika benci, hannun mai shago ya saba da kusurwar hagu ta ƙasa. Can aka san maɓallin Start tun 1995. Da Windows 11 ta fito a Oktoban 2021, sai kamfanin Microsoft ya mayar da shi tsakiya.

Gyaran ba wuya. Danna linzamin dama a kan sandar ƙasa, shiga Taskbar settings, sannan Taskbar behaviors, ka zaɓi Left. Maɓallin zai koma gidansa.

Abin da ya fi cin rai a farkon fitowar Windows 11 shi ne kwafa da liƙawa, waɗanda suka zama 'yan hotuna babu rubutu a jerin da ke fitowa idan an danna linzamin dama. Mai saurin aiki ya riƙe Ctrl da C, da Ctrl da V, ya huta.

Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma wasu tsofaffin kwamfutocin gwanjo ba su da guntun tsaro na TPM 2.0 da Windows 11 ke buƙata. Kafin ka sayi kwamfuta, sai ka tambaya ko tana da shi.