Yadda Ake Neman Nikel a Korayen Duwatsun Ostireliya

A kudancin garin Kalgoorlie, a Yammacin Ostireliya, akwai wani dogon ziri na korayen duwatsu masu shekaru kusan biliyan 2.7. A nan ne, a Kambalda, kamfanin Western Mining ya gano nikel a watan Janairun 1966.

Asalin wannan arziki aman wuta ne. Narkakken dutse mai tsananin zafi, wanda masana ke kira komatiyat, ya malalo a ƙarƙashin teku, ya narkar da lakar da ke ɗauke da farar wuta. Farar wutar ta janyo nikel, suka nutse tare saboda nauyi, suka taru a gindin magudanar da narkakken dutsen ya bi. Shi ya sa masu bincike ke bin gindin.

Da farko sukan nemi dutse mai launin tsatsa a doron ƙasa, su kai samfurinsa ɗakin gwaji. Daga nan jirgin sama ya auna maganaɗisun yankin. Sai a shimfiɗa babbar waya a ƙasa, a sakar mata lantarki, a kashe farat ɗaya. Ma'adinin na riƙe lantarki, don haka na'ura kan jiyo amonsa. Amma baƙar laka mai sinadarin gawayi ma takan amsa haka, ta yaudari mai bincike.

Haƙa ce ke raba gardama. Inji mai baki na lu'ulu'u yana fito da sandar dutse, a tsaga ta biyu, a auna. Bayan an tono shi, mafi yawan nikel ɗin duniya yana tafiya ne cikin ƙarfen da ba ya tsatsa, wani kaso kuma cikin batiran motocin lantarki.