Gargaɗi ga Mutanen Garwa: Kada a Yanki Ko Taku Ɗaya na Filin Kulob

Wannan magana ta masu riƙe da filin wasa ce da kuɗin aljihunsu a Garwa da Marwa da Ngaundere: masu golf, da masu tanis, da masu sukuwar dawaki, da duk wanda ke shirin tara abokai a kafa kulob. Ranar da wani zai miƙe a taronku ya ce a yanki ɗan gefen titi a gina shaguna don a biya bashi, ranar filinku ya kama hanyar barin hannunku. Ku ƙi. Ku ƙi ko da mai shawarar shi ne ya fi kowa zuba kuɗi, ko da ya rantse cewa daga wannan ba ƙari.

Ku dubi Kano. A farkon watan Yuni na 2023, kwanaki kaɗan bayan rantsar da Gwamna Abba Kabir Yusuf, motocin rusau suka fara aiki a filin sukuwa na Nasarawa, inda aka kwantar da bene mai hawa uku cike da shaguna. Daga nan aka wuce otal ɗin Daula, da sansanin alhazai, da shagunan da suka zagaye filin Idi na Ƙofar Mata. Sabuwar gwamnati ta ce wadda ta gabace ta, ta Abdullahi Umar Ganduje, ta raba filayen jama'a ba bisa ƙa'ida ba. Waɗanda suka yi ginin suka ce da takardunsu a hannu. Aka tafi kotu. Babbar Kotun Tarayya ta yanke wa masu shagunan filin Idi diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Ban kawo wannan don in raba gardamar siyasar Kano ba. Abin dubawa shi ne, bayan an tashi daga rigimar babu wanda ya fita da riba: ɗan kasuwa ya yi asarar jarinsa, baitulmali ya biya diyya, fili kuma ya sha gini ya sha rusau. To in filin Idi, wanda gari guda ke tsayuwa a kansa sau biyu a shekara, bai tsira daga igiyar awo ba, ina ga filin golf da mutane ƙalilan ke zagayawa da yamma? Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da ya rage maka.

Garwa ta yau ba ta zamanin Shugaba Ahmadu Ahijo ba ce. Gasar cin kofin Afirka da aka buga a farkon 2022 ta sa an gyara filin Roumdé Adjia, inda Tunisiya ta fitar da Najeriya da ci ɗaya, an shimfiɗa tituna, an gina masaukai. A shekarar ce kuma aka kafa Jami'ar Garwa. Mutane na ta gangarowa daga Arewa Mai Nisa, wasu neman gona, wasu gudun tashin hankali. Kowane ɗayansu yana neman wurin kwana, kuma duk inda aka ga fili a buɗe cikin gari, akwai dillalin da ya riga ya lissafa shi a ransa.

Lissafin ba shi da wuya. Filin golf mai rami 18 yakan ci hekta 50 ko fiye. Hekta 50, in aka yanka ta fuloti-fuloti masu murabba'in mita 500, fuloti 1,000 ke nan kafin a cire tituna. Babu wani wasa da ke ajiye dukiya mai yawan haka a sarari, ba katanga ba rufi, a hannun mutane kaɗan.

Amma dillali ba ya shiga sai an buɗe masa ƙofa, kuma daga ciki ake buɗe ta. Abin yakan fara ne daga kuɗin shekara. Mamba ya zo ya buga wasansa, ya sha lemonsa, ya ce wa ma'aji, "Zan turo, in sha Allahu." Ma'aji ya ji nauyin tunasar da shi, don Alhaji ne, ko babban jami'i ne, ko surukin shugaba ne. Shekara ta zagayo, rabin mambobi ba su biya ba. Mai gadi ya bi kulob albashin wata uku, injin yankan ciyawa ya tsaya saboda abin da bai taka kara ya karya ba, famfon rijiyar burtsatse ya ƙone. Sai wani mai hali ya ce kada a damu, shi zai ɗauka. Kowa ya yi tafi, kowa ya ƙara miƙe ƙafa. A ganina wannan tafin shi ne mafi hatsari a duk tarihin kulob, domin daga ranar mambobi sun daina zama masu wuri, sun koma baƙin mutum ɗaya. Wa zai tambayi wanda ke ciyar da shi ina littafin kuɗi? Ran da aka yi wa mai halin canjin wurin aiki, ko kasuwa ta juya masa baya, ko ya riga mu gidan gaskiya magada suka zo da takardar bashi, sai a tarar babu abin sayarwa sai ƙasa.

Wani zai ce ai ƙungiyar ƙwallo ta Coton Sport ma da kamfani take tsaye. Gaskiya ne, SODECOTON ce ta riƙe ta tun kafuwarta a 1986, har ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 2008. Sai dai ƙwallon ƙafa yana da dubban masu kallo da za su yi kuka in an taɓa shi. Kuma kamfani ma yakan yi rashin lafiya. Filin golf na Likomba da ke Tiko ya taso ne a inuwar kamfanin gonaki na CDC, kuma kowa ya ga yadda rikicin yankunan masu magana da Ingilishi ya durƙusar da kamfanin daga 2018, har albashin ma'aikata ya gagara. Kamfani ya ɗauki nauyin gasa, madalla. Albashin mai gadi da kuɗin ruwa kuwa, daga aljihun mambobi ya kamata su fito.

Hanya ta biyu da bashi ke shigowa ita ce kwaikwayo. Wanda ya buga a gindin dutsen Fébé a Yawunde, ko a filin IBB na Abuja, sai ya dawo yana son koriyar ciyawa a bakin kowane rami. Yawunde na da damina biyu. Garwa na da ɗaya, daga Mayu zuwa Oktoba, sannan a Maris da Afrilu zafi ya haura digiri 40. Ciyawar bakin rami ba ta jure ƙishi na 'yan kwanaki a irin wannan rana; tana son ruwa kullum, da taki, da mai aski da ya san aikinsa. Tsofaffin filayen arewacin Najeriya, irin na Kano da Kaduna da Zariya da Rayfield na Jos da masu haƙar kuza suka kafa a 1913, sun daɗe suna wasa a kan yashi da aka daddaɓe a bakin rami, kuma ba wanda ya ce ba golf suke yi ba. Abin da zan hana a nan shi ne tsohuwar dabarar kwaɓa yashin da baƙin man mota. Yana ɗauke da dalma da sauran guba, ruwan sama ya wanke shi ya sauka ƙasa, a garin da ke zaune a bakin Binuwai, inda unguwanni da yawa ke sha daga rijiya. Man anguriya ya fi tsada, amma a Garwa ake tatsarsa, kuma ba ya kashe rijiyar maƙwabci.

Sai takarda. A Kamaru, tun dokar filaye ta 6 ga Yuli 1974, shaidar mallaka ita ce titir fonsiye. Filin da ba shi da ita yana cikin ƙasar da hukuma ke da ikon rabawa. "Lamiɗo ne ya ba kakanninmu" magana ce mai daraja a fada, amma ba ta tsayawa ita kaɗai a gaban alƙali. Takardar ta fito da sunan ƙungiya mai rajista, ba da sunan shugaba ko wani amintacce ba, komai kirkinsa, don magadansa ba su yi muku alkawari ba. A kafa duwatsun iyaka, a riƙa zagaya su bayan kowace damina, lokacin da gonar maƙwabci kan ɗan matso. A rubuta cikin dokar kulob cewa kwamiti ba shi da ikon sayarwa, ko jinginarwa, ko ba da hayar ko taku ɗaya sai da yardar babban taron mambobi.

Ko garin St Andrews na Scotland, inda ake ɗauka gidan golf ne, ya taɓa faɗawa wannan rami. Majalisar garin ta talauce a 1797 ta sayar da filin, ya koma hannun masu kiwon zomaye, aka yi shekaru ana shari'a kafin wani attajiri mai suna James Cheape ya saye shi a 1821 ya bar wa masu wasa. Yau filin na jama'a ne, kuma yawancin ranakun Lahadi ba a wasa a kansa, mutanen gari ke yawo da iyalansu. Wannan ita ce katangar da ta fi ta bulo. Filin da unguwa ke kallo a matsayin wurin shaƙatawar manya, ran da aka zo yanka shi ba mai fitowa. Wasu ma za su yi layin sayen fuloti. Ku bar yaran da ke ɗaukar muku jakar sanduna su buga a ranar da ba kowa, ku koya musu, ku biya su hakkinsu a kan lokaci. Ku bar 'yan makaranta su yi gudu da safe, ku daidaita da masu dabbobi a kan lokacin yankan ciyawa maimakon kullum a kira jandarma.

Ranka ya daɗe shugaban kulob, kira babban taro kafin damina ta faɗi. A karanta sunan duk wanda ake bi bashi, a fara da na kwamiti. A ɗora takardar fili a kan tebur kowa ya gani da idonsa, in kuma babu ita, a naɗa waɗanda za su je ofishin filaye a makon nan. Kai kuma mamba, kafin ka sake ɗaukar sanda, je ka ga ma'aji.